Takardar shaida a bango, lissafi a hannu

Fiye da shekara ashirin ke nan da na fito daga makarantar horon malamai. A zamaninmu an koya mana riƙon alli, rubutu a allo da shirya darasi cikin kaye, amma kwamfuta sai dai mu hango ta a ofishin manya, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Shi ya sa da aka sa sunana cikin waɗanda za a ba horon kwana biyar a babban gari lokacin hutu, na yi murna ƙwarai.

Mu talatin ne, kwamfutoci goma, mutum uku a kan ɗaya. Mai horon yaro ne wanda da kaɗan ya girmi ɗana na fari. Ya yi ta bayani da Faransanci a kan sassan na'ura da sunayensu, mu kuwa muna ta kwafa cikin kaye kamar ƴan CM2. Da aka zo riƙon abin da ake ce wa kusu, hannuna ya dinga rawa, kibiyar nan ta ƙi tsayawa inda nake so. Kunya ta hana ni tambaya, na bar wa abokan zamana suka yi ta dannawa. Ran Juma'a aka ba mu takardar shaida da kuɗin zama, aka ɗauki hoto, kowa ya kama hanyarsa. Na koma ƙauyen da nake koyarwa, inda babu kuran, balle kwamfuta. Kafin wata uku ban iya tuna ko yadda ake buɗe takarda ba. Takardar shaidar dai tana rataye a ɗakina.

Abin da ya koya mini kwamfuta kuskure ne da na tafka. A waccan shekarar ajin CM1 nake riƙe da shi, yara saba'in da huɗu. Bayan jarrabawar ƙarshen shekara na kwana uku ina haɗa maki da fitar da mwayen ɗin kowane yaro da hannu, da fitila a gefena. A dare na uku barci ya ci ƙarfina, na tsallake makin darasi ɗaya na wata yarinya. Maimakon 5,6 bisa 10 na rubuta mata 4,6, wato ta faɗi. Washegarin rabon sakamako mahaifinta ya same ni a bakin aji ya ce, "Malam, tun da boko ya ƙi ta, bara ta zauna gida ta kama wa uwarta aiki." Ita kuwa tana tsaye bayansa tana hawaye, tana cewa ita ta san ta ci. Na sake lissafi a gabansu, sai ga kuskuren nawa ne. Na ba su haƙuri, yarinya ta wuce CM2. Amma na daɗe ina tambayar kaina: yara nawa na yi wa haka a baya waɗanda ba su yi kuka ba?

Wata malamar kwantiragi da ke riƙe da CP ta ji labari. Tana da tsohuwar kwamfutar hannu da yayanta ya bar mata, ran kasuwa take kai ta caji wurin mai faranti na hasken rana. Ta ce, "Mushe, kawo sunayen yaranka." Ta buɗe Excel, ta sa ni na rubuta sunaye da maki da kaina, yatsa ɗaya ɗaya, ba ta karɓe mini ba ko sau ɗaya. Ta nuna mini yadda ake umartar na'ura ta tara ta raba a layin farko, sannan a ja umarnin har ƙasa. Aikin dare uku ya fito kafin shayinmu ya huce. Ranar na gane gemu ba ya hana ilimi, kunya ce ke hanawa. A wurinta na yi tambayoyin da na kasa yi a gaban mutum talatin.

Daga nan na fahimci abin da ya rasa a horon farko. An koya mana kwamfuta a matsayin darasi, ba a haɗa ta da wani aiki da ke ci mana tuwo a ƙwarya ba. Malamin firamare ba ya bukatar haddace sunayen sassan na'ura. Bukatarsa jerin sunayen yara, lissafin maki, shirya darasi da buga tambayoyin jarrabawa. Wanda ya ga na'ura ta rage masa wahalar da ya sani, shi da kansa zai nemi ƙari. Kuma hannu ba ya riƙe abin da ba ya taɓawa kullum. Ko a birni wuta ba ta da tabbas, duk mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar. Horon da bai yi tunanin caji ba, a takarda zai ƙare.

Akwai kuma batun harshe. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, amma allon rubutun AZERTY da ke kan kwamfutocinmu ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Malamin da ba a nuna wa yadda zai saka su ba zai buga wa yara "kasa" inda yake nufin "ƙasa". A salula abin ya fi sauƙi, domin Gboard na da allon Hausa, kuma salular tana aljihun malamai da yawa. Me zai hana horo ya fara daga nan?

Roƙona ga masu shirya horo shi ne su rage taron kwana biyar, su kai abin cikin zaman CAPED inda muke haɗuwa mu malaman yanki ɗaya, wanda ya iya ya zauna da wanda bai iya ba, a kan aikin ajinsa na gaske. Iyaye kuma, musamman ƴan kwamitin COGES, idan ana shawarar abin da za a saya wa lakwal, ku sa kwamfuta ɗaya da farantin hasken rana cikin lissafi. Makin ƴaƴanku ne za ta tsare.

Yanzu a lakwal ɗinmu ni ke nuna wa sababbin malamai Excel. Da jerin sunayen ajinsu muke farawa, kuma ba na karɓar kusu daga hannun kowa.