Kasuwar Njamena: Inda Mai Mota Ke Hawa Kilando

Babbar kasuwar Njamena, wadda 'yan boko ke kira Grand Marché, tana maƙwabtaka da babban masallacin Sarki Faisal da Saudiyya ta gina. Daga nesa hasumiyar masallacin ce ke nuna wa baƙo hanya. Da ya matso kuwa, kunnensa ya ishe shi jagora, don rurin babura da oda ba sa yankewa tun hantsi har magariba. Cikin rumfuna ga lafaya da atamfa an jibge, ga dabinon Faya, ga kanwa da bandar kifi, ga layin mata masu turaren wuta da humra wanda ƙamshinsa ke bin rigar mutum har masauki. Larabcin Chadi ne harshen ciniki, amma Bahaushe ba ya ɓata a nan. Tun garin yana Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973, alhazan ƙafa daga Kano da Katsina da Damagaram suke yada zango a cikinsa a hanyarsu ta gabas, wasu kuma zangon ya zame musu gida.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana wajen ƙofofi ne. Nan masu babur ke jeru, waɗanda a Kano muka sani da 'yan acaɓa, a Maraɗi 'yan kabu-kabu, a nan kuma ake ce musu kilando. Bayansu ga tasi masu rawaya da ke cusa fasinja huɗu ko biyar a tafi ɗaya, ga ƙananan bas-bas da yaran mota ke leƙowa ta ƙofa suna kiran Dembe, Shagwa, Farsha, Waliya. Can gefe kuma, a ɗan wurin da ya saura, motocin masu hali ne a ajiye, rana na gasa su. Sau da yawa za ka ga attajiri ya fito daga rumfarsa da babbar riga, ya wuce motarsa ko kallonta bai yi ba, ya tattare riga ya haye bayan babur. Banki zai je ko Kasuwar Gero, kuma ya san in ya tayar da motar, kafin ya kuɓuta daga masu baro da 'yan dako, mai kilando ya kai shi ya dawo da shi. Ga kuma tsoron ya dawo ya tarar wani ya gaje masa wurin ajiya.

To, me ya sa ya sayi motar? Ba abu ne mai araha ba. Chadi ba ta da teku, ba ta da layin dogo. Mota sai ta sauka a Duwala, ta yi tafiyar kusan kilomita 1,800, ta ƙetaro gadar Ngeli daga Kusuri, kowane mataki da kuɗinsa, kafin a zo ga kwastan. Man fetur ma, duk da ƙasar na fitar da ɗanyen mai tun 2003, kuma tana da matatar Jarmaya tun 2011, bai zama ruwan sha ba: a Fabrairun 2024 gwamnati ta ɗaga farashin lita daga sefa 518 zuwa 730. In matatar ta tsaya don gyara, sai dogon layi a gidajen mai, sai kasuwar masu sayarwa a kwalba ta buɗe a bakin titi. Ƙura na cin inji, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 na cin taya da batir.

Duk da haka mota tana da aikin da babur ba ya yi. Ita ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare, ita ke kai iyali gaisuwar mutuwa da biki, ita ke raba yara a makaranta ba tare da uwa ta riƙe zuciyarta a hannu ba. Akwai kuma maganar girma, wadda a Chadi take da tarihi na musamman. A 1987 sojojin ƙasar suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum bisa a-kori-kura ƙirar Toyota, har duniya ta laƙaba wa yaƙin sunan motar. Tun daga nan Land Cruiser ta zama tufar iko. Wanda ya faka ta a ƙofar kasuwa ya riga ya gabatar da kansa kafin ya yi sallama.

A wasu biranen duniya gardamar mallakar mota ta ɗauki wani salo. Kamfanin Waymo ya buɗe wa jama'a hayar mota marar direba a birnin Finiks na Amurka a 2020, daga baya ya shiga San Faransisko da Los Anjalas. A Wuhan ta ƙasar Sin, Baidu na gudanar da irinta. Mutum ya latsa waya, mota ta zo babu kowa a kujerar gaba, ta kai shi, a cire kuɗi daga katinsa. Masu sha'awar abin na cewa zamanin mallakar mota ya kusa wucewa, ko da yake General Motors ta janye kuɗinta daga nata kamfanin, Cruise, a ƙarshen 2024 bayan ta kashe biliyoyin daloli.

Na tsaya a ƙofar kasuwar ina auna wannan mota marar direba da abin da ke gabana. Ita tana tafiya ne da taswirar da aka auna taku-taku, da fentin layi a kan kwalta, da fitilar hanya da kowa ke bi. A nan, da ka bar manyan tituna irin su Charles de Gaulle, galibin lunguna ƙasa ce. Da damina ta kankama a Agusta, lungun jiya ya zama tafki yau, kuma a ambaliyar 2022 mutanen Waliya da kwalekwale suka riƙa shiga unguwarsu. Adireshi kuwa kwatance ne: bayan masallaci, kusa da mai shayi, gida mai jar ƙofa.

Amma a ganina ko an shimfiɗa kwalta ko'ina, akwai abin da zai rage. Ɗan kasuwar Njamena in ya kira mai kilando, rabin abin da yake biya kuɗin mutumin ne. Kusan kowane mai rumfa yana da nasa yaron, lambarsa na cikin waya. Shi ake ba bandir ɗin yadi ya kai wa mai saye a Digel, ya karɓo kuɗi ya kawo cif. Shi ke kai cefane gida, ya san wace ƙofa zai tsaya ya yi sallama. In ciniki bai yi ba yau, yaron ya yi haƙuri sai gobe. In shi ma ɗansa ba lafiya, ya san rumfar da zai nufa. Mota marar direba ba ta ɗaga buhu, ba ta bin bashi, ba ta san wanda ake jin nauyinsa ba. Sannan babur ɗin nan shi ne ofishin ɗimbin samari, har da masu takardar jami'a da suka gaji da jiran aikin gwamnati.

Ba wai kilando ba shi da aibu ba. Hular kwano ba ta dami masu babur ba, ganganci ya yi yawa, kuma masu ɗorin karaya ba sa rasa aiki. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, adaidaita sahu ta maye gurbi, gari bai tsaya ba. Njamena ma tana iya sauya abin hawa wata rana. Matsakaicin ɗan kasuwa dai, wanda jarinsa ke juyawa kullum, lissafinsa a yanzu a fili yake: miliyoyin da zai binne a mota gara ya zuba su a kaya, ya riƙe amintaccen mai babur don zirga-zirgar rana, ya kuma kyautata wa maƙwabcinsa mai mota saboda lalurar dare.