Kwanaki a Tsaunukan Niyamgiri

Litinin
Mun hau tsaunukan Niyamgiri na jihar Odisha a gabashin Indiya, ƙasar ƙabilar Dongria Kondh. Watan Afrilu ne, lokacin sassabe. A gangaren dutse an sare ciyayi ana jira su bushe a sa wuta kafin damina ta sauka a Yuni. An tarbe mu da kunun mandia mai ɗan tsami. Ina kurɓa na gane tamba ce, irin wadda ake nomawa a Filato.

Talata
Wata tsohuwa ta sauko da kwandunan gora daga saman murhu, inda hayaƙi ke kare iri daga ƙwari. Ta zazzage su a faifai, ta zaunar da jikarta. Tamba daban, dawa daban, ga wake, ga ƙananan hatsi masu suna kosala da kangu. Duk a gona ɗaya ake watsa su, kowanne da watan girbinsa, idan wani ya ƙi wani zai yi. Yarinyar ta mutsittsika zangarniya, kakar ta ture ta gefe. Mai yi mana tafinta ya ce cewa ta yi, “Jikata, wannan ta tukunya ce. Ta iri sai wadda ta cika ido, ta riga 'yan uwanta nuna.”

Laraba
Tun asuba mata da yara suka shiga daji tsintar furen mahua da ke zubowa cikin dare, a shanya a adana. A hanya babu mai cewa zo in koya maka. Uwa ta tsinke ganye ta ba yaro ya shinshina, ta nuna masa busasshen yaɗo a jikin itace, alamar doyar daji na ƙasa. Da suka haƙa, sai ta mayar da kan doyar rami ta rufe, domin baɗi. Mai ɗacin kuwa guba ce, sai an yanyanka, an dafa, an jiƙa a rafi ruwa ya wanke ta. Wanda bai ga an yi ba, bai isa ya gwada ba.

Alhamis
Yau hirar dattawa ta taɓa ni. Sun tuna 2013, lokacin da Kotun Ƙolin Indiya ta ce a tambayi mutanen, majalisun ƙauyuka 12 kuma suka ƙi yarda a haƙi ma'adinin bauxite a dutsen. Dutse ya tsira, amma abin da ke damunsu yanzu yana cikin gida. Yara da yawa suna makarantun kwana, ana shuka da girbi ba sa nan. Bakinsu ya saba da shinkafar tallafin gwamnati, har wasu na ganin tamba abincin talauci ce.

Juma'a
Tun 2017 gwamnatin Odisha ke da shirin farfaɗo da noman tamba da danginta, kuma abin a yaba ne. Sai dai gwamnati iri za ta iya saye, ba za ta iya raba sanin ganye da na doya a buhu ba. Wannan sai an bi tsoho daji, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayen yaran ba su ƙi karatu ba. Roƙonsu shi ne a daidaita hutu da lokacin shuka da girbi, a kuma bar kakanni su shiga aji su koyar da harshensu, tun suna da ƙafar hawa dutse.