Saƙon da na kusa turawa bayan rikicin Shasha

Yau so nake in ba ku labarin wata wauta da na kusa tafkawa, wadda har gobe in na tuna ta sai gabana ya faɗi.

A Ibadan aka haife ni, kuma tun kafin a haife ni mahaifina yake sayar da albasa a kasuwar Shasha. Duk wanda yake garin nan a watan Fabrairun 2021 ya san abin da ya faru. Cacar baki ce ta haɗa wani ɗan dako da wata mai shago, wani da ya shiga tsakani ya rasa ransa, washegari kasuwa ta kama da wuta. An yi asarar rayuka, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita. Rumfarmu da buhunan albasar da Baba ya karɓo bashi daga Aliero duk sun zama toka.

A daren nan a Sabo muka kwana, gidan kawuna. Barci ya gagare ni, sai na fito tsakar gida na ɗauki waya na fara naɗar murya da Yarbanci, don waɗanda nake nufi su ji da kyau. Na ambaci wata tashar mota, na sa rana, na ce yadda aka ƙona mu haka za mu ƙona ta da duk wanda ke ciki. Wallahi ko ashana babu a aljihuna, kuma babu wasu "mu", ni kaɗai ne da baƙin cikina. Niyyata in jefa shi a zauren WhatsApp na samarin kasuwa. Ashe Baba yana zaune a kan tabarma cikin duhu.

"Kai, me kake gaya wa wayar nan?"

Na ce, "Baba, tsorata su kawai zan yi."

Ya miƙo hannu na ba shi, ya sa ta a aljihun rigarsa. Ya ce, "Albasa ta ƙone, in da rai zan samo wata. In aka tafi da kai, a wace kasuwa zan sayo ka?" Sai bayan kwana uku ya mayar mini, ya tsaya a kaina na goge saƙon.

A lokacin gani na yi tsoro ne irin na tsofaffi. Sai da aka yi 'yan makonni, wani lauya da ya daɗe yana ciniki da Baba ya zo yi mana jaje, Baba ya ba shi labari a gabana. Mutumin bai yi dariya ba. Ya ce dokar hana ta'addanci ta 2011, wadda aka yi wa gyara a 2013, a sashe ɗaya ta jera wanda ya aikata, da wanda ya yi yunƙuri, da wanda ya yi barazana, kuma hukunci mafi girma da sashen ya ambata shi ne kisa. Cikin abin da ke mayar da laifi ta'addanci har da nufin tsorata jama'a, wato ainihin hujjar da na ba Baba don in wanke kaina. Ya ce ko an bar wannan, dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin shekara 10, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 25 ba, ko duka biyun, ga mai tura saƙon da ke sa wani fargabar kisa. Daga baya, a 2022, aka sauya dokar ta'addancin da sabuwa, barazana tana nan cikin laifukan, kuma Babbar Kotun Tarayya na iya ba da izinin tsare mutum kwana 60 ana bincike.

Na ce masa to ina adalci? A 2017 wasu matasan arewa sun tsaya a Kaduna sun ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin arewa, a Janairun 2021 Sunday Igboho ya ba Fulanin Igangan kwana bakwai, duk a bainar jama'a. Ya ce, "Gaskiya ne, yaro. Amma su suna da lauyoyi da 'yan jarida a bayansu. Kai wa gare ka ban da tsohon nan?"

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba gidan yarin ba ne. Da muryar nan ta fita, ba wanda zai ce ɗan mai albasa ne ya yi fushi, cewa za a yi "Hausawa sun ce". Mai shayin bakin tashar, da mai gyaran takalmin da ke yawo shi kaɗai a Mokola, su za su fara biyan kuɗin maganata tun kafin 'yan sanda su gano lambata.

Ba cewa nake a zalunce mu mu yi shiru ba. Akwai sarakunan Hausawa, akwai shugabannin kasuwa, akwai kotu, ko da tafiyarsu ta hawainiya ce. Amma don Allah in irin wannan murya ta shigo wayarka, ta namu ce ko ta wasu, kada ka tura ta gaba. In kuma ƙaninka ne ya naɗa, ka karɓe wayar.

Shekara biyu Baba ya yi kafin ya gama biyan mutanen Aliero. Ni nake rubuta masa lissafi yanzu. Allah Ya zaunar da mu lafiya a inda muke neman abinci, amin.

Wassalam.