DAREN TIGA: INDA TAURARI KE NAN DARAM

Duk wanda ya hau Dutsen Dala bayan sallar Isha ya ɗaga kai sama, zai tarar sararin samaniyar Kano ya yi ja-ja-ja kamar bakin murhu. Taurarin da zai iya ƙirgawa ba su taka kara sun karya ba. Ba wai sun ƙaura ba ne, hasken fitilun titi da na gidajen mai da na kasuwanni ne yake haɗuwa da ƙura da hayaƙi ya lulluɓe su. Wani binciken masana da aka buga a shekarar 2016 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin Majarra daga inda suke zaune, watau farin zanen nan na taurari da ya ratsa sama kamar hayaƙi.

To, Bakano mai son ganinta ina zai dosa? Shawararmu ita ce ya yi kudu. Dalili kuwa shi ne, sashen Majarra mafi haske ta kudu yake bayyana, wajen taurarin Kunama. In mutum ya yi kudu, hasken birni ya koma bayansa ke nan.

Madatsar ruwa ta Tiga tana kimanin kilomita 70 daga Kano. Ana bin hanyar Zariya, sa'an nan a ratse ta wajen Bagauda. An gina ta a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Abin da ya sa ta dace shi ne faɗin ruwan, domin babu gini ko fitila a kansa, ido yana tafiya har inda sama ta haɗu da ƙasa. Da almuru masunta na ɗaure jiragensu, kwaɗi na ta kuka, can arewa kuma ana hango hasken Kano ya yi tozo kamar gobarar daji mai nisa. Mai neman wani wurin yana iya gwada duwatsun ƙasar Rano, ko madatsar Challawa da ke Ƙaraye.

Sai dai wuri kaɗai bai isa ba, lalle a zaɓi lokaci. Da damina girgije ne ke rufe sama, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazon hunturu. Mafi kyau shi ne ƙarshen damina, watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sa'ad da ruwa ya wanke ƙura. A kuma duba kwanan wata, gama farin wata ma yana dusashe taurari. Daga 25 ga wata zuwa 3 ga sabo, farkon dare duhu ne sosai.

A irin wannan dare ido zalla yana iya ganin taurari wajen 2,000. Bayan Magariba Majarra tana karkace ta yamma maso kudu. Can arewa, ƙasa-ƙasa, ga tauraron da ba ya gusawa, wanda matafiyan sahara suka daɗe suna kama hanya da shi. Da misalin ƙarfe takwas Kaza da 'Ya'yanta za su ɓullo daga gabas. Mai haƙuri zai hangi wani ɗan fari-fari a sama, shi ne gungun Andoromeda, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso idonsa.

Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, duba waya sau ɗaya kuwa ya isa ya ɓata wannan. A rufe bakin tocila da jan ƙyalle. A isa da sauran rana, a gai da mai gari a bayyana masa abin da ya kawo mutum, kada a ɗauke shi ɓarawo. A tafi cikin ƙungiya, a tambayi halin tsaron hanya, a sa takalmi rufaffe saboda macizai, a riƙi maganin sauro.

Jama'a, abin ya wuce nishaɗi. Kakanninmu da taurari suke lissafin shekara, taurari 28, kusan kowanne da kwana 13. Manomi ya san Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, ya san lokacin shuka da na noman farko. Yaron da ya tashi a Fagge ko Gwammaja bai taɓa ganin sama a cike ba, yaya zai riƙe wannan ilmi? Ya kamata malaman makarantu su riƙa kai ɗalibai irin waɗannan wurare ko sau ɗaya a shekara, su nemi tsofaffin manoma su nuna musu. Hukumomi kuma su sa wa fitilun titi murfi, haske ya sauka kan hanya inda ake bukatarsa.