Masu gudun asuba, ku riƙa hutawa



Duk mai fita sallar asuba a Kagarawal ya san samarin nan masu fita gudu kafin rana ta ɓullo. Yawancinsu shirin ɗaukar soja ko ɗan sanda suke yi, kaɗan ne masu burin shiga gasa. Ina jin daɗin ganinsu, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗan yayata yana cikinsu. Sati biyar ya yi yana gudu kullum da iya ƙarfinsa, don abokansa sun ce wanda ya huta rago ne. Ana saura kwana goma tantancewa ƙwaurinsa ya kumbura, ko taka ƙasa ba ya iyawa. Haka shekarar ta wuce shi, ga kuɗin takardu da uwarsa ta ranto.

Abin da yaran ba su sani ba shi ne, gudu mai tsanani yana ɗan yayyaga tsoka ne, sai lokacin barci da hutu jiki ke gyara ta, ta ƙara ƙarfi. Numfashi kan saba da wuri, amma ƙashi da jijiya sai a hankali. Shi ya sa yaro zai ji ƙirjinsa garau, ya ƙara nisa, ƙafa kuwa ba ta shirya ba.

Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun kilomita 42 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Berlin a 2022, yawancin atisayensa a sansaninsu na Kaptagat sassarfa ce mai sauƙi. Gudu mai zafi 'yan kwanaki ne a sati, kuma yana barcin rana. Abincinsu ugali ne, tuwon masara dai irin namu, da wake da shayi da madara. To su can kan tudu suke, da sanyi. Mu a Gombe zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, mai gudu bayan ƙarfe takwas kansa yake cuta.

Ku iyaye, ku sa ido. In yaro yana ɗingishi da safe, ko fitsarinsa ya yi ja, ranar ba gudu, ya sha ruwa ya kwanta. In ciwon ya tsaya a wuri ɗaya kan ƙashi, a kai shi asibiti. Wanda kuma ya ce masa ya sha tiramol don kada ya ji gajiya, wallahi ba masoyinsa ba ne: ƙwayar ɓoye ciwon take yi, rauni na nan yana ƙaruwa.

Ɗan yayar tawa ya warke. Yanzu kwana huɗu yake fita a sati, Juma'a kuwa ko takalmin ba ya taɓawa.