Kwamfuta 'Yar Goyo a Nima da Mamobi

A zangunan Akara irin su Nima da Mamobi, inda Hausa ta zama harshen da ke haɗa ƙabilu, makarantar da ke son buɗe ɗakin kwamfuta tana da hanya biyu. Ko dai ta sayi kwamfutocin gwanjo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, ko kuma ta sayi babbar na'ura guda, wato uwar garke, ta jona mata ƙananan akwatuna ashirin. Irin wannan akwati ba ya sarrafa komai da kansa. Aikinsa shi ne ya kai wa uwar abin da ɗalibi ya latsa, ya dawo da hoton amsa a kan allo. Shi ya sa sunan 'yar goyo ya dace da na'urar: ƙafar uwa take tafiya da ita.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Oracle ya tallata ta a 1996, sannan a 1999 aka fara shirin LTSP, wanda ya ba tsofaffin kwamfutoci damar zama 'yan goyo a kan Linux. Amfaninta ga mai koyon Hausa a fili yake. Idan aka girka allon rubutu mai ɓ, ɗ da ƙ a kan uwar sau ɗaya, kowane tebur ya samu.

Sai dai saurin 'yar goyo ya rataya ne a kan abubuwa uku da ba sa kan teburin ɗalibi. Na farko ƙarfin uwar. Ɗalibai ashirin masu buga rubutu ba nauyi ba ne gare ta, amma da zarar kowannensu ya buɗe shafukan intanet, sai ƙwaƙwalwarta ta cika, aji duka ya tsaya cak. Na biyu wayar da ta haɗa su. Kowane harafi sai ya je ya dawo, kuma idan jinkirin ya haura kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, yatsa kan riga ido, mai koyon bugu ya riƙa maimaita harafi yana zaton bai shiga ba. Bidiyo ya fi komai cinye hanya, domin hoton allon yana sauyawa sau da yawa a kowace daƙiƙa.

Na uku wutar lantarki. Mutanen Gana ba su manta da dumso ba, kalmar Tiwi mai nufin kashe da kunnawa. A 2015 unguwanni sukan yi awa 24 babu wuta kafin a ba su ta awa 12. 'Yar goyo kan ci wat goma ko kusa da haka, alhali kwamfutar tebur kan ci ninkin wannan sau da dama, don haka ƙaramin janareto yana iya ɗaukar aji. Amma idan uwar ta mutu, ko zafi da ƙurar hunturu suka toshe mata fanka, aikin mutum ashirin ya tafi lokaci guda.

Saboda haka mai kafa irin wannan ɗaki ya kamata ya fi kashe kuɗi a kan uwar, da batirinta, da wayoyin. Kafin ya biya mai girkawa kuwa, ya cika kujerun duka da ɗalibai da tsakar rana, ya sa kowa ya buɗe bidiyo, ya ga abin da zai faru.