Unguwar Rogo da Lissafin Man A-kori-kura

Duk wanda ya ratsa Unguwar Rogo a birnin Sakkwato bayan sallar asuba zai ji ƙugin injuna kafin ya ga masu su. Tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot da manyan Hilux na ɗumama, yaran mota na ɗaure igiya, direbobi na kurɓar shayi a tsaye. Wannan ya nufi Goronyo ɗauko albasa, wancan ya kama hanyar Illela ta bakin iyakar Nijar. A bayan waɗannan motoci abincin birni yake shigowa.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, hirar bakin gareji ta sauya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a shekarar 2024. Direba ba shi da iko a kan farashin gidan mai ko na 'yan bumburutu, amma yana da iko a kan abin da motarsa ke sha, kuma a nan ne ake tafka asarar da ba a lissafawa.

Ƙasar Sakkwato ba ta sassauta wa inji. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin bazara kuwa yakan wuce digiri 40, ya gajiyar da baƙin mai da lagireto. Tsohuwar mota mai kafireto, idan numfashinta ya toshe, fetur take zuƙa ta fitar da baƙin hayaƙi. Wanda ya jinkirta juye don ya tsira da kuɗin galan ɗaya, ko ya sayi baƙin mai na gwangwani marar asali, ƙarshensa sauke inji. Araha dai ba ta ado.

Sai taya da lodi. Tayar da iskarta ta ragu tana jan ƙasa, ta ci mai, ta cinye kanta, alhali awonta wurin mai faci bai kai kuɗin kofin shayi ba. Buhunan da ake jibgawa har su zarce kan mota suna karya sufurin, su ƙone birki, su kuma tare iska kamar bango. Ribar buhu biyar na ƙari takan ƙare a hannun bakanike.

Gudu ma haraji ne. Bayan matsalar mai ta 1973, Amurka ta taƙaita gudu a manyan hanyoyinta zuwa kimanin kilomita 89 a sa'a, domin tsimin fetur. Dalili shi ne, turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu. Direban da ke danna totur yana taka birki a kowane kwana, ko ya bar inji na aiki yana cinikin awa guda, aljihunsa yake hudawa.

Saboda haka ya dace kowane mai mota ya ajiye ɗan littafi: lita nawa aka zuba, kilomita nawa aka yi, yaushe aka yi juye. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi kuma su sa ido kan lodin da ya wuce kima. Lamarin bai tsaya ga masu motoci ba, domin duk litar da ta ƙone a banza tsakanin Illela da Sakkwato, uwar gidan da ke taya mudun gero a kasuwa ce za ta biya ta.